Rabin Lita a Jarka: Jinjina ga Enduro 40 da Man Yamalube

Da za a ce in zaɓi abu guda cikin kayan zamani da ya fi yi wa mutanen bakin ruwa hidima, ba sai na yi dogon tunani ba. Injin jirgi ne, Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 40, wanda ake ɗaurawa a bayan kwale-kwale. Da kuma za a tambaye ni sirrin daɗewarsa, sai in ɗaga 'yar robar man nan da ake gaurayawa da fetur, wato Yamalube na injin ruwa mai bugu biyu, wanda ke ɗauke da tambarin TC-W3 a jikinsa. Ni dai wallahi masoyin waɗannan abubuwa biyu ne na haƙiƙa, kuma yau yabo na zo yi musu, son raina.

Duk wanda ya san Yawuri ko Wara ko Malale ranar kasuwa ya san abin da nake nufi. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, Kwara ta buɗe ta zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, tsohuwar Busa ta nutse, ƙauyuka suka koma tsallaken juna. Tafiyar da dā ake yi da filafili da gora ta fi ƙarfin damtse. Yau injin nan ne ke kai buhunan gero da shinkafa da albasa kasuwa, shi ke kwaso banda daga tungayen masunta, shi ke kai mai naƙuda asibiti a inda babu hanyar mota. Haka abin yake a Lakwaja inda Kwara da Binuwai suka haɗu, haka a Ibi, haka a Gaya ta Nijar, haka a Tafkin Chadi. Ko'ina ka duba, murfin nan mai launin toka ne da rubutun Enduro a gefe. Tubarkalla!

Kamfanin Yamaha Motor na Japan an kafa shi ne a 1955, ya kuma fitar da injin jirginsa na farko a 1960. Amma abin da ya sa nake sara musu shi ne ba su tsaya kan masu kuɗin da ke yawon shaƙatawa a teku ba. Sun dubi masunta da masu jigila na ƙasashe irin namu, masu kwana da wuni a kan ruwa mai laka da yashi, ga fetur ba kullum mai kyau ba, ga shagon kayan gyara da nisa, sai suka ƙera musu nasu injin na musamman. Shi ne Enduro. Samfurin E40X silinda biyu gare shi, cikinsa cc 703, nauyinsa ya ɗan haura kilo 70, ƙarti biyu sun isa su sauke shi su kai rumfar makanike. Babu kwamfuta a ciki, kuma wanda ake ja da igiya bai san zancen batir ba. Makanike mai sufana da sukudireba da basira zai warware shi a kan tabarma da safe, kafin la'asar ya mayar da shi ruwa. A Amurka da Turai dokokin hayaƙi sun kori irin waɗannan injina masu kafireta daga kasuwa. Mu kuwa a nan har gobe Enduro ne sarki, kuma ya cancanci sarautar.

To amma fa sarkin nan yana da sharaɗi guda, kuma a kansa ne mutane da yawa ke yi wa kansu asara.

Injin mota da na babur ɗin zamani suna da ma'ajiyar baƙin mai a ƙasa. Man yana zaune a wurinsa, famfo na zagayawa da shi, bayan wani lokaci a juye a zuba sabo. Injin mai bugu biyu ba shi da wannan ma'ajiya ko kaɗan. Fetur da iska su ne ke fara shiga ɗakin karanshaf, su ratsa ta kan boris da sandar fistin, su haura ta ƙofofin da ke jikin silinda, sannan fulogi ya ba su wuta. Ke nan duk wani santsi da ƙarfe zai samu a cikin injin nan, daga ɗan man da ka gauraya a fetur yake zuwa. Man ya shiga, ya shafi abin da zai shafa cikin ƙiftawar ido, ya ƙone, ya fita da hayaƙi. Ba ya dawowa. Kuma kowane fistin yana cin wuta ne a kowane juyi guda. In ka murɗe hannu injin ya kai juyi 5,000 a minti, wuta na tashi a kan kowane fistin fiye da sau 80 a daƙiƙa ɗaya. Ka tuna kuma jirgi ba shi da gangara, ba shi da inda zai saki giya ya huta. Daga tashi har isa, injin yana turin ruwa ne da cikakken kaya. Wane mai ne zai iya wannan aiki, ya kuma ƙone ƙurmus bai bar datti ba?

Nan ne Yamalube ke burge ni, har nakan rasa bakin magana. Tambarin TC-W3 da ke jikin robar ba ado ba ne. Ƙungiyar masu ƙera kayan jiragen ruwa ta Amurka, NMMA, ita ke ba da shi, kuma sai an gwada man a cikin injinan jirgi na gaske, an ga yadda yake santsi, yadda yake narkewa cikin fetur, da yadda yake hana ringi maƙalewa. Babban abin da ya raba shi da sauran mai shi ne ba ya barin toka. Baƙin man mota cike yake da sinadarai masu ƙarfe-ƙarfe, irin su kalsiyam da zinki, waɗanda ke da amfani matuƙa muddin man yana kwance a ma'ajiyarsa. Amma da zarar an ƙona su, sai su zama toka mai tauri, ta manne a kan fistin, ta toshe bakin fulogi, ta cike ramin ringi, ta rage ƙofar fitar hayaƙi. Tokar nan takan yi ja ta riƙe zafi, ta kunna fetur tun fulogi bai ba da wuta ba, kuma wannan shi ke huda kan fistin. Shi kuwa man TC-W3 an haɗa shi da sinadaran wanki marasa ƙarfe, masu yin aiki a yanayin injin da ruwan kogi ke sanyaya shi.

Mutane kan ce, ai 2T duk 2T ne. A'a, ɗan'uwa, ba haka ba ne. Man 2T, wato man inji mai bugu biyu, na babur da na ƙaramin janareto da na injin yankan katako an yi shi ne don injin da iska ke sanyayawa, wanda kansa ke ɗaukar zafi sosai, kuma yawancinsa yana da 'yar toka a ciki da gangan. Injin jirgi ba ya kai wannan zafin, ga shi yakan daɗe yana tafiya a hankali lokacin da ake zuba kalli ko ɗaga mamari. In ka ba shi man babur zai tashi, zai yi tafiya, ba za ka ga komai ba yau ko gobe. A hankali ne dattin ke taruwa. Waɗanda suka hau Vespa a zamaninta sun san ladabin gauraya mai da fetur, sun san babur ɗin da aka kyautata wa da wanda aka cuta tun daga launin hayaƙinsa. Wannan ladabin ne injin jirgi ke nema, har da ƙari, domin babur in ya mutu sai ka sauka ka tura, jirgi kuwa in ya mutu a tsakiyar Kainji ga hadari ya haɗo, sai dai addu'a.

Ka je rumfar makanikan bakin ruwa ka roƙi a nuna maka injina biyu a buɗe, ɗaya wanda ya rayu a kan man TC-W3, ɗaya wanda aka shayar da baƙin man kanti. Na sha tsayawa ina kallon wannan bambanci, kuma har yau bai daina ba ni mamaki ba. Na farkon, kan fistinsa da ɗan duhu siriri, ringi na motsi a raminsu in ka taɓa da yatsa, jikin silinda sumul, boris na sheƙi da danshin mai. Na biyun kuwa sai an sa wuƙa ana kankara, ringi sun daskare, gefen fistin duk zane. Makanike ba ya bukatar ya tambaye ka irin man da kake sha. Da ya cire fulogi ya duba bakinsa, ya gama karanta tarihinka. Fulogin injin da ke shan Yamalube a kan ma'auni bakinsa busasshe ne, ruwan ƙasa-ƙasa, abin sha'awa wallahi.

Ga kuma daɗin aiki da shi. Yana narkewa cikin fetur nan da nan, ko da sanyin asuba na hunturu, ba ya kwanciya a gindin tanki. Ana sa masa launi, don haka da ka leƙa jarka ka san an gauraya ko ba a gauraya ba, kuma wannan kaɗai ya ceci injina masu yawa a jiragen da yara ke zuba mai. Hayaƙinsa kaɗan ne, fasinjan da ke zaune kusa da matuƙi ba ya sauka da ciwon kai da jan ido. Sautin injin ma daban yake. Ja ɗaya ko biyu ya kama, ya zauna daram a sulo ba tari ba shaƙewa, in ka murɗa ya amsa nan take. Ni wannan sauti yana faranta mini rai ƙwarai da gaske.

Ma'aunin fa? Wanda aka fi sani shi ne kashi 50 na fetur, kashi 1 na mai. A lissafin bakin ruwa, jarka mai lita 25 tana cin rabin lita cif. Lita 10 tana cin mililita 200, lita ɗaya mililita 20. Akwai samfuran da littafinsu ya ba da wani ma'auni dabam, saboda haka abin da kamfani ya rubuta wa injinka shi ne gaba da maganar kowa. Abin da nake roƙo shi ne a auna. A samu kofi ko roba mai zane a ɗaure ta da igiya a jikin tanki. Awon ido shi ke kashe inji. Wanda ya rage mai don tsimi, fistin zai yi zafi ya kama silinda, inji ya buga. Wanda kuma ya ce bari in ƙara don in kyautata masa, shi ma bai tsira ba: hayaƙi zai turnuƙe, fulogi ya jiƙe, gawayi ya taru. A fara zuba man a tanki, a bi shi da fetur, a rufe a girgiza sosai kafin a haɗa tiyo.

Sabon inji kuwa, ko wanda aka sake wa fistin da ringi, yana da nasa hakki. Awa 10 na farko ana ninka man, kashi 25 da 1, wato lita guda cur a jarka. Minti 10 na farko a bar shi a sulo. Sauran awar farko kada a wuce rabin hannu. Daga nan a riƙa ƙarawa ana ragewa, ba a riƙe shi a ƙarshen wuta na dogon lokaci har awa goman ta cika. Na san da wuya, mutum ya zuba dukiyarsa ya sayi sabon inji, ga fasinja na jira, zuciya na cewa a murɗe. A daure. Haƙurin kwana biyun nan shi ke zaunar da ringi daidai a silinda, kuma shi ne bambancin injin da zai shekara goma da wanda zai fara rasa ƙarfi tun damina ba ta zagayo ba.

Masu cewa Yamalube ya yi tsada, ina jin su, ba kuma na raina kukansu. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 masu jirgi ke ji a jikinsu, ga Enduro 40 in an murɗe shi ƙarshe yana iya shan kusan lita 20 a awa guda. Amma a yi lissafin da gaskiya. Cikin duk abin da ke shiga tankin nan, man gauraye kusan kashi ɗaya ne cikin hamsin. Ribar da za ka ci in ka sayi mai arha a kan wannan ɗan kashi ba za ta sayi fistin biyu da ringi da boris da gasket ba, balle karanshaf, balle kwanakin da jirgi zai yi a ɗaure ana cin uwar kuɗi. Araha ba ta ado. In kuma Yamalube ya yanke a kasuwa, ba a rasa madadi ba: akwai Quicksilver, akwai Neptuna na Total, akwai na Castrol da na Motul da aka yi don injin jirgi. A dai duba TC-W3 a jikin robar. Ni Yamalube na fi so, domin masu injin ne suka haɗa shi don injinsu, kuma ban taɓa ganin ya ba mai shi kunya ba. Sai dai a kula da jabu, don duk abin da ya yi suna sai an kwaikwaye shi. A duba hatimin murfi, a saya wurin dilan da aka sani, a guji man da aka ɗura a gorar ruwa komai rantsuwar mai sayarwa. In robar ta ƙare a huda ta kafin a yar, kada ta koma kasuwa da wani abu a ciki.

Man kirki ba zai yi aikin shi kaɗai ba, akwai 'yan abubuwan da ke rufa masa baya. Mafi girmansu ruwan sanyaya inji. Da ka tayar, kafin komai, waiga ka ga tsirarin ruwan nan da ke fita ta gefen inji, wanda matuƙa ke kira fitsari. In babu shi, kashe nan take. Wata 'yar farfelar roba ce a cikin ƙafar injin ke tura ruwan sama, kuma in aka tayar da inji a tudu ba ruwa, cikin daƙiƙoƙi take ƙonewa. Ruwanmu kuwa ba ya raga mata. Lokacin farin ruwa na damina, Kwara na ɗauke da laka da yashi masu cin roba, ga kainuwa, ga leda da ke liƙewa a ƙofar shan ruwa. A canza ta duk shekara ko da ba ta nuna gajiya ba, kuɗinta bai taka kara ya karya ba.

Sai man giya da ke can ƙasa kusa da farfela. Shi ba a gauraya shi da komai, mai kauri ne lamba 90, kuma abin da E40X ke ci bai kai rabin lita ba. Ana canza shi bayan awannin farko na sabon inji, daga nan duk bayan awa 100 na aiki. Ta ramin ƙasa ake ɗura shi har sai ya ɓullo ta ramin sama, don kada iska ta maƙale a ciki. In ka kwance ka ga ya fito fari-fari kamar an dama fura da nono, ruwa ya shiga, kuma sau da yawa zaren kalli ne ko na ƙugiya ya naɗe a bayan farfela ya yanke robar da ke tare ruwa. Shi ya sa masunci ya kamata ya riƙa cire farfela lokaci-lokaci, ya warware zaren, ya shafa giris a sandar, ya mayar.

Fetur ma a tace shi. Ba a manta da gurɓataccen fetur mai yawan methanol da ya shigo Najeriya a farkon 2022 ya lalata injina ba, kuma ko ba wannan, man da ya kwana a durom a bakin ruwa ba ya rasa ruwa da tsatsa. A sa mazurari mai rariya, a riƙa duba ɗan kofin tace mai da ke cikin murfi, kada kuma a gauraya fetur ɗin da zai yi watanni a ajiye. In za a jingine inji na tsawon lokaci, a zare tiyo a bar shi ya shanye abin da ke kafireta. Fulogi biyu sababbi da sufanarsu da igiyar ja ta ko-ta-kwana su zauna a jirgi kullum. Masu aiki a ruwan gishiri, irin su Legas da Kwatano, su kuma sai sun riƙa wanke cikin injin da ruwan daɗi.

Ba zan ce Enduro ba shi da aibi ba. Ya fi injin mai bugu huɗu shan fetur, ya fi shi ƙara, kuma wani ɓangare na man da bai ƙone ba yana fita ta cikin farfela ya shiga ruwan da muke kamun kifi a ciki, muke sha. Wannan gaskiya ce, kuma tana damuna. Amma ita ma hujja ce a kan a yi amfani da man da ke ƙonewa tsaf a kan ma'auninsa, maimakon a riƙa tuttula baƙin man mota, ko ma wanda aka juye daga wata motar, yana barin shuɗin maiƙo a bayan jirgi. Wanda ya ga irin wannan maiƙo a kan ruwan da 'ya'yansa ke wanka ya san ba daidai ba ne.

Kai, ni fa in na ga tsohon Enduro, fentinsa ya koɗe, murfinsa ya sha ɗinki da waya, amma ja ɗaya ya tashi yana fitsari da ƙarfi, hayaƙinsa siriri, sai in ji ƙaunar mai shi ta kama ni tun ban san shi ba. Na san mutum ne mai auna mai, mai duba fulogi, wanda ya san rayukan da ke cikin jirginsa amana ce a wuyansa. Injin da ba ya mutuwa a tsakiyar ruwa yana cikin abubuwan da ke mayar da fasinja gida lafiya, tare da rigar kariya da kuma ƙin yin lodi fiye da kima, waɗanda hukumar kula da hanyoyin ruwa ta Najeriya, NIWA, ke ta nanatawa.

Hukuncina a kan Enduro 40 da Yamalube TC-W3 shi ne sun ci maki cikakke, ban rage musu ko ɗaya ba. Ina kira ga sarakunan ruwa da shugabannin ƙungiyoyin masu jirgi, daga Yawuri har Baga, su sa baki a kawo man gaske kusa da masu bukatarsa, a haɗa kuɗi a saro katan daga dila amintacce a raba, a kuma koya wa yaran jirgi awo tun suna riƙe igiya. Kai kuma ɗan'uwa mai inji, kafin ka sake zuba fetur, juya robar man da ke hannunka ka nemi TC-W3. In babu, mayar wa mai shago. In akwai, rabin lita a jarka mai lita 25, ka girgiza, ka yi bisimilla ka ja igiya. Allah ya tsare hanya, ya ba da sa'a.